Na gama lisans a shimi, ina son shiga aikin tace ƙazamin ruwa, ta ina zan fara?

Ɗan Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a, manya da ƙanana. Dan Allah shawara nake nema wajen duk wanda ya san harkar ruwa, musamman ɓangaren tace ƙazamin ruwa, wato ruwan masai da na wanka da wanda ke fitowa daga uzin (masana'anta) ko mahauta kafin a sake shi ya gangara mayo (kogi).

Na gama lisans, wato digirin farko, a shimi (kemistri) a jami'ar Ngaundere ta nan Kamaru, can Dang, yau shekara biyu kenan. Tunda na dawo Garwa koyarwa nake a wani kolej na kuɗi, awa nawa kayi a biya ka, da yamma kuma in zauna shagon Baba a babbar kasuwa. Alhamdulillahi ba'a rasa na sabulu ba amma wallahi zuciyata bata wajen. Abinda ya ja ni ga ruwa, muna shekara ta uku aka ce kowa ya kawo ruwa daga inda yaga dama a auna a labo, ni kuma lokacin na zo gida sai na cika gora da ruwan rijiyar gidanmu na tafi da shi, ruwa garau ba wari ba komai, shi muke sha tun muna yara duk sanda famfo ya ɗauke. Da aka auna nitrat sai gashi ya haura miligram 50 a lita ɗin da hukumar lafiya ta duniya ta sa iyaka, malamin ya tambaye ni taku nawa ne tsakanin rijiyar da salga, na lissafa a raina naga ko goma bai kai ba tsakaninta da salgar maƙwabtanmu. Tun ranar in na kalli kanibo, wato lambatun ƙofar gidanmu, sai gabana ya faɗi, in damina tayi ya cika ya haɗe da ruwan kwatami yara suna wasa a ciki, kuma ƙarshenta duk Binuwai yake zuwa.

Toh abinda ya ɗaure min kai, ban taɓa ganin an liƙa sanarwar neman ma'aikacin tace ƙazamin ruwa ba, ko a FNE, ofishin samar da aikin yi na gwamnati, ko a Facebook. Shin aikin akwai shi a arewa ko sai mutum ya gangara Duwala ko Yawunde? Lisans ɗin ya isa ko dole sai nayi mastar, in mastar ne ina yafi, in koma ENSAI, makarantar injiniyoyi ta Dang, ko in tafi Politeknik ta Marwa? Wani abokina yace makarantar ruwa ta 2iE a Wagadugu, amma kuɗinta ba na irin gidanmu bane. Sannan me ake yi ne a aikin daga safe zuwa yamma, dan ni abinda na sani na allo ne kawai.

Sai maganar gida. Da na faɗa wa Baba yayi shiru can sai yace, shekara uku ina aika maka kuɗi Dang dan ka dawo kana kwasar masai? Na kasa bashi amsa. Kuma akwai maganar aure a gaba, ban san yadda gidan yarinyar zasu ɗauki abin ba. Duk wanda ya bi hanyar nan ya gaya min gaskiya komai ɗacinta.

Tsohon Shef Stasiyo, Ngaundere

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tunani. Ni shekara 19 nayi ina riƙe da stasiyon tace ruwa na wani uzin a Duwala kafin ciwon ƙafa ya maido ni gida, kuma nima da shimi na fara, don haka gyara zama.

Sanarwa dai ba zaka gani ba, kar ka wahalar da idonka. Uzin ɗan labo yake nema ko mutumin QHSE, wato mai kula da inganci da tsafta da kariyar ma'aikata da muhalli, stasiyon kuma sai a jingina wa wanda aka ga baya ƙyama. Ni ma ta labo na shiga, wanda ke riƙe da stasiyon ya kwanta rashin lafiya aka ce in riƙe kafin ya warke, daga nan ya zama nawa. Duk inda ake matsar mai ko rini ko jima ko yanka ko dafa abin sha akwai ƙazamin ruwa. A Garwa kanta SODECOTON na da injin man auduga, ga masaƙar CICAM, ga kamfanin kayan sha, shi wannan kai da zuciyarka da malaminka tunda ba lemo kaɗai suke yi ba. Marwa ma SODECOTON na da injin mai ga kuma majemu, nan Ngaundere akwai mahautar SODEPA da MAISCAM, banda manyan asibitoci da otel. Doka kuma tana bayanka, dokar muhalli ta 1996 da dokar ruwa ta watan Afrilun 1998 sun hana mutum ya juye ƙazamin ruwan uzin a kogi yadda yaga dama, kuma ranar da sufetocin MINEPDED, ma'aikatar muhalli, zasu zo kowa a uzin mai takardun awo yake nema.

Ka tambayi me ake yi daga safe zuwa yamma. Kafin ka taɓa kwalba ko ɗaya zagaye zakayi, da ido da hanci da kunne. Ka duba ragar farko mai tare leda da tsumma, ka saurari kukan famfuna, ka kalli launin basen, wato tankin da ruwan ke taruwa. Mu namu irin na laka mai rai ne, wanda kuka karanta da sunan bu aktibe, dabarar da aka gano a Manchesta ta Ingila a 1914. Ana hura iska cikin ruwan, bakteriya su cinye dattin su dunƙule su zama laka, a basen na gaba lakar ta kwanta ruwa mai haske ya tsallake ta sama, sai ka maido wani kaso na lakar baya ka fitar da rarar. Kiwo ne ɗana, kamar mai garken shanu, sai dai naka garken da madubin labo ake ganinshi. In suna lafiya lakar launin ƙasa-ƙasa ce kuma ƙanshinta kamar ƙasar da ruwan farko ya daka. In tayi baƙi tana wari iska ta gaza. In farin kumfa ya taso kamar na omo lakar tayi yarinta, ko ka fitar da yawa. Zaka ɗebi lita ɗaya a silinda ka ajiye minti 30 kaga inda lakar ta tsaya, awon nan ko dala baya ci amma sau da yawa shi ya fara gaya min matsala na zuwa kafin injuna masu tsada. Sai pH, sai oksijin da ya narke wanda muke riƙewa wajen miligram 2 a lita, sai MES, wato dattin da ke yawo cikin ruwa, da kake tacewa ka busar a digiri 105, sai awo biyu na yawan oksijin da dattin ke ci, DCO da ake dafawa awa biyu da dikromat, da DBO5 da ake bar wa bakteriya kwana biyar a digiri 20. Waɗannan duk lisans ɗinka ya ishe su, wata biyu hannunka zai faɗa.

Abinda Dang bata baka ba shine ƙarfe da wuta. Yawancin wahalar da na sha ba ta shimi bace, famfo ne ya toshe, bel ɗin injin hura iska ya tsinke, wuta ta ɗauke ƙarfe biyun dare janareta ya ƙi tashi, kuma in iska ta tsaya awanni da yawa garken ya fara mutuwa sai kayi makonni kana lallaɓa shi kafin ya dawo. Akwai daren da masu wankin tankuna suka sako soda mai yawa basu gaya min ba, pH ya haura 11, da safe na tarar da basen kamar annoba ta bi ta kai, saura kaɗan inyi hawaye. Daga nan na gane rabin aikin zumunci ne da mutanen cikin uzin, ka ci ka sha dasu har su saba kiranka kafin su buɗe bawul. Don haka ka ware yamma ɗaya a sati ka je wajen mai gyaran injin ban ruwa da mai aikin wuta, ka koyi kwance famfo da karanta akwatin wuta. Yaron da ya iya DCO kuma ya iya kwance famfo babu shef ɗin da zai sake shi.

Abu ɗaya kuma don girman Allah ka riƙe shi ko ka manta sauran. Kar ka taɓa shiga rami ko fos, wato tankin masai, ko rufaffen tanki don an ce maka ai minti biyu ne. Akwai iskar H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi a ƙasa take kwanciya, in tayi yawa sai ta kashe maka hanci ka daina jin warin ka ɗauka ta wuce, a nan take kayar da mutum. Na sallaci gawa biyu rana ɗaya, na farko ya faɗi a rami na biyu ya shiga ɗauko shi, duka yara ne masu ƙarfi. Na'urar awon gas, igiya a ƙugu, mutum tsaye a sama, in ɗaya babu gara a kore ka daga aikin. Kayi allurar tetanus da ta taifot da ta ciwon hanta tun yanzu.

Shawarata kar ka fara da mastar. Nemi staj, wato zaman koyon aiki, na wata uku ko shida ko ba'a biyanka, kaga ko cikinka zai ɗauki warin, don na ga masu manyan takardu da sati ɗaya sukayi suka gudu.

Maman Ikram, Marwa

Salam. Baba Shef Allah ya ƙara girma, duk abinda ka faɗa haka yake amma kayi min izini in ɗan saɓa maka a waje ɗaya. Uzin nawa ne a arewa gaba ɗaya daga Ngaundere har Kuseri? Da yatsu za'a ƙirga su, kuma kowanne mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da ruwan, in sun shiga sai ritaya. In yaron nan ya zauna jiran wannan kujerar zai daɗe.

Ƙanena ka kalli garinku da kyau. Garwa da Marwa da Ngaundere babu inda aka shimfiɗa bututun kwasar ƙazanta gida-gida irin na Turai. CAMWATER ruwan sha take kawowa, HYSACAM shara take kwashewa, abinda ya shiga masai kuwa yana nan ƙarƙashin gidan har ramin ya cika a kira motar bidanj mai zuƙe masai ko masu kwasa da bokiti cikin dare, toh daga nan ina ake kai shi? Bayan gari, ko gona, ko bakin mayo, ruwan sama ya maido mana abinmu. A nan aikin yake kuma kusan babu kowa a kai. Ko Yawunde da take babban birni sai 2021 ta samu stasiyon tace lakar bidanj a Etowa. Irin waɗannan stasiyon basa son wuta sosai, ana juye lakar ne a kan gadaje na yashi da tsakuwa, ruwan ya tsiyaye a tace shi daban, busasshen a ajiye watanni ƙwayoyin cuta su mutu ya zama taki. A jami'ar Yawunde ta ɗaya sun yi shekaru suna gwada shuka wata ciyawa dangin burgu a kan gadajen, tana taimaka wa bushewar kuma a yanka ta zama abincin dabbobi. Yanzu ka duba ranar da muke kuka da ita a nan, digiri 40 da wani abu a watan Afrilu, ai abinda Yawunde zata shanya a makonni mu kwanaki kaɗan ya ishe mu. Ranar da merin garuruwanmu zasu gina irin wannan, kuma dole su gina, wa zasu ɗauka in ba wanda ya riga ya san kan abin ba?

Ni biyoloji nayi, sannan nayi karatun ruwa a nan Marwa tun makarantar tana ISS kafin ta koma Politeknik a 2017. Abinda ya sa ni ciki kwalarar 2010 ce, lokacin ina Mokolo wajen gwaggona, shekarar nan mutum sama da 600 suka tafi a ƙasar nan kuma yankinmu ne yafi shan wuya, na ga uwa ta kawo ɗa da safe kafin la'asar an rufe shi. Bayan na gama ta hanyar ONG na samu aiki, nayi Minawawo sansanin da aka buɗe a 2013, nayi Logon da Shari lokacin ambaliya. Ma'aunin da muke aiki dashi a sansani lita 15 ga mutum ɗaya a rana a ƙalla, masai ɗaya ga mutum 20, rami yayi nisan mita 30 daga rijiya kuma gindinshi ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Kaga mita 30 ɗin nan ka kuma tuna taku gomanku. Da sassafe ina yawo da ɗan akwatin awon kulorin daga famfo zuwa famfo, da rana ina faɗa da magina akan zurfin rami, da yamma ina zaune da mata akan tabarma muna maganar wankin hannu da inda ake zubar da fo ɗin yara, wannan na ƙarshen yafi duka wuya kuma babu malamin da ya koya min.

In wannan hanyar zaka bi ka gyara Faransancinka na rubuta rapor, ka taɓa Ingilishi, Fulatanci dai nasan kana ji tunda ɗan Garwa ne, in ka ƙara da Larabcin Shuwa ko Kanuri ka wuce mutane da yawa. Ka koyi Excel da kyau da QGIS na zana taswira da KoboCollect na tattara bayanai a waya, kayi permin tuƙi. Akwai darussan da cibiyar Eawag ta Suwizalan ta sa a Coursera akan tsaftar muhalli da lakar bidanj, da wayarka ma zaka iya bi. Amma ba zan ɓoye maka ba, kontira ce ta wata shida ko shekara, kuɗin proje ya ƙare kowa ya kama gabansa, tunda Amurka ta janye yawancin tallafinta a 2025 abokan aikina da yawa suna gida, ga hanyoyin da ba tsaro, ga barin iyali makonni.

Maganar mastar na yarda da Baba Shef ka fara staj, amma kar ka bar shi gaba ɗaya, lisans zai tsayar da kai a teknisiyan, shugabancin proje sai bak da biyar, wato mastar. In ka tashi yi kar ka karɓi batun da malami ya ciro daga aljihu, ka auna rijiyoyin Yelwa ɗaya bayan ɗaya ka zana taswirarsu da ta salgogi, wannan memuwar, wato kundin binciken, da kanta zata buɗe maka ƙofar meri, hukumar gari. Gidan yarinya kuma halinka zasu duba da ko zaka iya riƙe musu 'ya. Surukata da farko ko kwanon da na taɓa sai ta sake ɗauraye shi, yanzu ni take aikowa a tambaya ɗigon jabel, ruwan kulorin, nawa za'a sa a randa.

Malam na Figil

Ni dai ɗan'uwa tsakani da Allah kar ka saki reshe ka kama ganye. Mahaifinka ba ƙiyayya yake maka ba, so yake yaga ka tsaya da ƙafarka kafin ya kwanta dama. Ka riƙe koyarwarka ka riƙa shiga duk konkur ɗin gwamnati da ya fito, in ka samu matrikil, lambar ma'aikacin gwamnati, ko a MINEE ne, ma'aikatar ruwa da makamashi, ai ruwan ne dai kuma ga fansho. Ina da ƙani yayi staj uku a jere ba ko sisi, kuɗin moto ma ni nake bashi, har yau yana gida yana jiran kira kuma shekarun shiga konkur suna neman wuce shi. Staj ɗin kayi shi a babban hutu, daga Yuni zuwa Agusta, kar ka ajiye alli saboda shi.

Abban Waliya, Njamena

Gaisuwa daga tsallaken gadar Ngeli. Nima a Dang nayi karatu kamar 'yan Chadi da yawa, don haka ɗan'uwa ne kai.

Nan ma labarin ɗaya ne, STE, kamfanin ruwa na Chadi, ruwan sha take yi, masu ƙazamin ruwa mai yawa su ne matatar mai ta Jarmaya da aka buɗe a 2011, da mahautar Farsha, da kamfanin sukari na Banda kusa da Sar, da masu auduga a Mundu, kuma shigarsu sai da hanya. Ni na gaji da kai dosiye sai muka haɗa kuɗi da yayana muka sayi tsohuwar motar bidanj. Wallahi ba abin kunya a ciki, waya bata hutawa musamman bayan damina, kuma karatun da nayi shi ya bambanta ni da sauran, in naje gida ina gaya wa mai gida me yasa fos ɗinshi ke cika duk wata uku, yawanci puwizar ne, ramin da ruwan fos ke tsiyayewa ciki, ya toshe da maiƙo ko magini yayi ɗaki ɗaya maimakon biyu, sai ya bani aikin gyaran ma. Wahalar kuma famfon mota baya jan lakar da ta daskare da tsumma da leda a ciki, ga lungunan da mota bata shiga, ga babbar damuwata inda zan juye, duk sanda na buɗe bawul a bayan gari raina baya min daɗi don na san me ke ciki. A ambaliyar 2022 da Shari da Logon suka cika, unguwarmu a kwalekwale muke fita, masai da rijiya suka zama abu ɗaya, wanda ya ga wannan ba zai ƙara cewa aikin nan na banza bane.

In zaka zurfafa a abu ɗaya ni lagunaj zan ce maka, shi ya dace da ƙasarmu, fili muna dashi rana muna da ita wuta ce bamu da. Tafki uku ne a jere, na farko mai zurfi mita uku ko huɗu inda datti ke kwanciya ya ruɓe ba iska, na biyu wajen mita ɗaya da rabi inda gansakuka ke bada oksijin da rana ruwan yayi kore, na uku mara zurfi inda hasken rana ke kashe ƙwayoyin cuta kuma ƙwan tsutsar ciki ya gama kwanciya. Wagadugu da shi take aiki a Kosodo. Kuma ka tuna masu lambu a bakin gari da ruwan kwata da yawansu ke ban ruwan salak da muke ci ɗanye, hana su ba zai yiwu ba abincinsu ne, tace musu shine mafita, hukumar lafiya ta duniya tace kar ya wuce ƙwan tsutsa ɗaya a lita.

Shi kuma Babanka kar ka ja dashi, ta inda ya sani zaka bi. Tun a zaure an koya mana ruwa na ɓaci in launinshi ko ɗanɗanonshi ko ƙanshinshi ya canza, toh rijiyarku duka ukun lafiya lau amma labo ta ga abinda ido bai gani ba, ka kai mishi takardar awon ka karanta mishi ka gaya mishi jarirai nitrat ya fi yi wa illa. Manyan malaman Saudiyya ma tun 1978 suka bada fatawa cewa ƙazamin ruwa in an tace shi sarai har najasar ta gushe ya koma mai tsarki. Dattijon da ya san babin tsarki zai gane mai wannan aikin.

Ɗan Yelwa, Garwa

Jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta har sau uku. Malam na Figil na ji maganarka ba zan ajiye alli ba, hutun nan zanyi staj ɗin, kuma akwai mai gyaran injin ban ruwa a layin shagonmu nayi mishi magana jiya yace in riƙa zuwa ran Lahadi. Yaya Maman Ikram maganar taswirar rijiyoyi ta hana ni barci, na fara ƙirgawa daga kan layinmu na samu bakwai. Takardar awon tana nan cikin littattafaina, daren Juma'a in Baba ya dawo masallaci zan kai mishi in sha Allah.

Baba Shef tambaya ɗaya ta rage, takardar neman staj ɗin wa zan rubuta wa kuma me zan ce a ciki? Na taɓa kai guda biyu wani waje na bar wa mai gadi har yau shiru.

Tsohon Shef Stasiyo, Ngaundere

Wadda aka bar wa mai gadi a ɗakin mai gadi take kwana ɗana. A sama ka rubuta wa darakta kamar yadda aka saba, ka kai ofishin karɓar wasiƙu su buga maka hatimi a kofi ɗaya ka riƙe, sannan ka nemi sanin waye shef ɗin labo ko na QHSE, a masallacin kusa da uzin ko wajen mai shayin bakin ƙofa zaka samu labarinshi, ka gaishe shi ka miƙa mishi kofi na biyu hannu da hannu. Shi ne zai hau sama yace ina son yaron nan.

A cikin takardar kar ka cika surutun kana ƙaunar muhalli, kowa haka yake rubutawa. Shafi ɗaya. Ka faɗi awon da ka taɓa yi da hannunka, ka sa labarin rijiyar a layi uku da lambar da ka samu, kace kana son wata uku a ɓangaren ƙazamin ruwa kuma ka yarda da aikin dare da na Lahadi. Ka kai tun watan Maris ko Afrilu kafin ɗaliban makarantun IUT da ENSAI na Dang su cika gurbin. Ranar farko ka je da bot ɗinka na roba da safar hannu da ƙaramin littafi, duk abinda ka auna ka rubuta da kwanan wata da awa, kuma ran da zaka tafi kar ka fita sai da atestasiyon a hannunka. In sun baka rana ka turo min, akwai tsofaffin takarduna na lissafin laka a akwati zan sa a baka a motar Garwa.